Tsohon Faifai, IL-2 1946 ko Falcon BMS: Wanne Zai Tashi, Kuma Wanne Zai Haɗa Jos da Abuja?

Yayana da ke aiki a Abuja ne ya kira ni wani dare bayan isha'i, murya wasai kamar wanda ya tsinci dami a kala. Wai suna haɗa kaya za su tashi daga Kubwa zuwa Lugbe, sai ga faifan Combat Flight Simulator 2 a ƙasan wata tsohuwar adaka, har da ɗan littafinsa da ɓera ya ɗanɗana gefe. Wasan da muka sha rigima a kansa ke nan a gidanmu na nan Jos, zamanin da kwamfuta ɗaya ce tal a gidan, mai allo mai ƙatuwar ƙeya, sandar tuƙi ma ɗaya. Ya ce, "Kai ne sarkin kwamfutar gidanmu. Ka tayar mana da shi, ina nan kana can, mu gani ko har yanzu zan kakkaɓo ka." Na ce, "Yaya, ai ko a da ɗin ma don kai ne babba nake ƙyale ka."

Da wasa aka fara, amma sai da maganar ta cinye mini daren Juma'a da na Asabar na kusan wata biyu. Yanzu mu biyar ne, biyu a Jos, uku a Abuja, kuma ba wasan da muka fito nema muke yi ba. Abin da na so a ce wani ya gaya mini tun farko shi ne: tayar da tsohon wasan jirgin yaƙi a sabuwar kwamfuta daban, haɗa shi da kwamfutar abokinka da ke wani gari daban. Na farkon, mai naci yakan ci masa. Na biyun shi ke kashe gwiwa, kuma shi ya kamata ya zaɓa maka wasan da za ka saya, ba begen ƙuruciya ba.

Uku na auna: tsohon faifai irin na Yaya, IL-2 Sturmovik: 1946, da Falcon 4.0 tare da kwaskwarimar da ake kira BMS.

Faifan cikin adaka

Microsoft ya fitar da Combat Flight Simulator na farko a 1998, na yaƙin Turai. Na biyu ya zo a 2000, na yaƙin tekun Fasifik tsakanin Amurka da Japan, inda ake tuƙa Zero da Wildcat da Hellcat da Corsair. Na uku ya fito a 2002, daga nan aka tsaya. An rufe ACES, sashen kamfanin da ke ƙera wasannin jirgi, a farkon 2009, kuma ba a sayar da ko ɗaya daga cikin ukun a Steam ko GOG, shagunan sayar da wasanni ta intanet. In ba ka da faifai, to ba ka da halastacciyar hanya. Wannan kaɗai ya isa ya gurgunta shirin rukuni: mu biyar, faifai ɗaya.

Ko da kowa na da nasa, shingayen a jere suke. Yawancin laftof na yanzu ba su da aljihun faifai, sai ka nemi na jonawa ta USB, wanda ba ya wahalar samu a Banex da ke Wuse 2 ko a shagunan titin Ahmadu Bello a nan Jos. Sai kwaɗo. Faya-fayan wasanni da yawa na wancan zamani suna ɗauke da makullin hana kwafa mai suna SafeDisc, wanda ke dogaro da wani ɗan fayil, secdrv.sys. Windows 10 ta fito a 2015 ba tare da goyon bayansa ba, saboda ƙofa ce da ɓarayin kwamfuta za su iya bi, Windows 11 ma haka. Sai ka ga wasa ya shiga lafiya lau, ka danna shi ya yi gum, ko kuma ya ce ka saka faifan da ke ciki. Akwai masu yawo da fayilolin da ke tsallake wannan kwaɗo a intanet, amma ni ba zan ɗora fayil ɗin da ban san asalinsa ba a kan kwamfutar da nake shiga banki da ita. Wasu wasannin shekarun 1990 kuma manhajar da ke shigar da su ta zamanin 16-bit ce, wadda Windows mai 64-bit ba ta san da zamanta ba sam.

In ka wuce nan, sauran na tashi da ɗan dabara. Kada ka saka wasan a Program Files, inda Windows ke hana tsofaffin manhajoji rubuta abin da suke so. Buɗe masa jaka irin C:\Games. Ka danna fayil ɗin wasan da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows XP. In hoto na ƙyafta ido ko launi ya rikice, akwai dgVoodoo2, kyauta ce, aikinta tafinta: tana karɓar maganar tsohon DirectX ko Glide na katin Voodoo ta fassara ta zuwa harshen da katin hoto na yau ke ji. Ana zuba fayilolinta ne kusa da na wasan.

Haɗuwa da abokai ita ce inda gizo ke saƙa. Dandalin da ake haɗuwa a da, MSN Gaming Zone, ya daina haɗa masu irin waɗannan wasanni tun Yunin 2006. Abin da ya rage shi ne a kira juna kai tsaye da lambar adireshi, ta hanyar wata tsohuwar fasaha mai suna DirectPlay. Tana nan a Windows 10 da 11, amma a kashe: ka shiga Control Panel, Programs and Features, Turn Windows features on or off, ka buɗe Legacy Components, ka sa mata alama. Matsalarta ita ce haɗama. Tsohuwar DirectPlay na neman ƙofa (wato port, mashigar saƙo a kwamfuta) mai lamba 47624, sannan duk ƙofofin da ke tsakanin 2300 da 2400, kuma an gina ta ne a zamanin da kowace kwamfuta ke da adireshinta na kanta a intanet. Zan dawo kan dalilin da ya sa wannan ba ya yi mana a nan.

Wasu kan ce a gina Windows XP a cikin kwamfuta ta hanyar VirtualBox ko VMware, manhajojin da ke kunna wata Windows a cikin wadda kake da ita. Na gwada, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba: hoton jirgi mai gudu yana son katin hoto kai tsaye, VirtualBox ma tun fitowa ta 6.1 ta cire tallafin hoto mai zurfi ga XP. Akwai 86Box, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaba ɗayanta har da katin Voodoo, amma tana neman injin mai ƙarfin gaske kafin ta yi gudun Pentium II. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tsohuwar kwamfutar tebur ta gaske, irin Core 2 Duo da ofisoshi da rufaffun kafe ke zubarwa da araha, a sa mata XP. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma XP ta daina samun facin tsaro tun Afrilun 2014, don haka ba a kai ta intanet. Kuma ba ta da batir: ana ɗauke wuta, jirgi ya tafi da ita.

Hukuncina a kan faifai: ga mutum ɗaya mai son tuna baya, ko 'yan'uwa biyu a falo ɗaya da waya a tsakanin kwamfutoci, ya yi. Tsakanin Jos da Abuja, wahalarsa ta fi daɗinsa.

IL-2 1946, jakin da ya fi dokin

IL-2 Sturmovik aikin 'yan Rasha ne ƙarƙashin Oleg Maddox. Ya fito a 2001, da sunan jirgin kai farmaki da Tarayyar Sobiyet ta ƙera fiye da 36,000 a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. An yi ta ƙara masa, Forgotten Battles a 2003, Pacific Fighters a 2004, har a ƙarshen 2006 aka tattara duka a ƙunshi ɗaya aka kira shi 1946. Jiragen da za ka iya tuƙawa sun haura 200. Wato Zero da Corsair ɗin da Yaya ke bege suna ciki, har da jiragen ruwan da ake tashi daga kansu. Akwai Hurricane ma, wanda nake da wata ƙauna ta daban gare shi: tun daga 1940 Ingila kan kawo irinsa cikin akwatuna zuwa Takoradi a Ghana ta yau, a haɗa, a tuƙo shi ta Legas, Kano, Maiduguri, a wuce Sudan zuwa Masar. Duk sanda na hau shi sai na tuna irinsa ya sha mai a Kano.

A kula da suna wajen saye. Cliffs of Dover na 2011 da Battle of Stalingrad na 2014 duk IL-2 ake ce musu, amma wasanni ne daban, masu neman kwamfuta mai ƙarfi. Wanda nake magana shi ne mai 1946.

Ana samunsa a Steam da GOG, bai wuce dala 10 ba, kuma lokacin rangwame yakan faɗo ƙasa sosai. A wajenmu GOG ta fi. Tana ba ka fayil ɗin shigarwa ka sauke sau ɗaya ka adana a filashi, ba kwaɗo, ba sai da intanet ba; in kwamfuta ta lalace aka sake mata Windows, ba za ka sake ƙona data ba. Steam kuwa sai da manhajarta, mai son sabunta kanta daidai lokacin da abokai ke jiranka. Kowa dai ya sayi nasa, ko ya roƙi mai katin dala a cikinku ya saya masa.

Kwamfutar da yake nema ba ta taka kara ta karya ba. Laftof ta hannu irin EliteBook ko Latitude ko ThinkPad mai Core i5 tana ɗaukarsa. Akwai ɗan fayil il2setup.exe da ke ba ka zaɓi tsakanin OpenGL da DirectX. Matakin hoto mafi kyau, mai ruwan teku mai sheƙi, a OpenGL yake kuma ya fi jituwa da katin Nvidia. In naka na Intel ne da ke haɗe da inji, rage matakin, in ƙasa ta fito da zane-zane kamar atamfa ka koma DirectX. Mai laftof mai kati biyu ya shiga saitin hoto na Windows ya tilasta wa wasan amfani da babban katin, don tsofaffin wasanni kan faɗa kan ƙaramin. Girman allo kuma ba a cikin wasan ake gyara shi ba. Ka buɗe conf.ini da Notepad, ƙarƙashin window ka rubuta faɗi da tsawon allonka a width da height, misali 1920 da 1080, ka mai da SaveAspect zuwa 0 don ya cika allon. Ka ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa, kuma bayan ka gyara kada ka sake komawa il2setup, yakan goge maka aikin.

Abin da ya fi ba mu wahala a makon farko bai wuce lamba ba. Faifan 1946 na asali a 4.07 ya fito. Daga 4.09 wasu masu sa kai da ake kira Team Daidalos suka karɓi aikin faci, wato gyare-gyaren da ke ƙara lambar fitowar wasan, da izinin masu wasan, suka yi ta gyara shi shekara da shekaru, kuma facin a jere ake liƙa su, ba a tsallake. In naka 4.13 ne nawa 4.12, ba za mu taɓa haɗuwa ba. Lambar na fitowa a kusurwar allo lokacin da wasan ke buɗewa. Kowa ya ɗauki hotonta da waya ya tura rukuni kafin a sa ranar tashi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma manyan kwaskwarima irin BAT, masu ƙara ɗaruruwan jirage da taswirori, amma nauyinsu gigabait ne goma-goma, kuma mai su ba ya haɗuwa da marar su. Shawarata ga rukuni: ku zauna a kan wasan yadda ya zo. Mai ƙaiƙayin gwaji ya kwafi jakar wasan gaba ɗaya zuwa wani wuri, ya yi ɓarnarsa a can, domin IL-2 na tashi daga duk inda aka ajiye jakarsa.

Inda ya yi wa sauran fintinkau shi ne haɗuwa. Ƙofa ɗaya yake nema, 21000. Mai masauki, wato wanda sauran za su jonu da kwamfutarsa, ya buɗe wasa, sauran su rubuta adireshinsa da wannan lamba, shi ke nan. An gina shi a zamanin intanet na wayar tarho, don haka ba ya cin data: layin 56k, ko ya cika maƙil, kilobait 7 yake ɗauka a daƙiƙa, wato kusan megabait 25 a awa. In aka kashe sauke fentin jiragen juna, SkinDownload a conf.ini, kiran murya da muke yi a WhatsApp ko Discord zai iya fin wasan kansa cin data.

Iri biyu ne wasan tare, kuma bambancinsu na da nauyi ga mai zama da ɗaukewar wuta. Akwai Coop, inda duka ake tashi lokaci ɗaya a kan aiki guda, a raka masu bama-bamai ko a kare jirgin ruwa. Ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma wanda layinsa ya yanke a tsakiya ya zama ɗan kallo har a gama. Akwai Dogfight, inda fili ke buɗe, kowa ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Mukan fara da na biyun har kowa ya hallara, in mun ga layi ya kwanta sai mu yi Coop gajere, na minti 20 zuwa 30.

Aibinsa? Ba ya lallashi kamar wasan Yaya. Ja sanda da ƙarfi, jirgi ya juye ya kama jujjuyawa zuwa ƙasa. Bar inji a ƙure, ya yi zafi ya mutu. Harbi kuma sai ka matso har kana ganin fentin wutsiya. Sa'a dai mai masauki na iya kashe waɗannan wahalhalu ɗaya bayan ɗaya har sabon shiga ya saba.

Falcon BMS, na masu haƙuri da aljihu

In don inganci ne kawai, da ba a yi gardama ba. Falcon 4.0 na kamfanin MicroProse ya fito a Disambar 1998, jirgi ɗaya tal, F-16, a sararin Koriya, da littafin koyarwa mai ɗaruruwan shafuka. Abin da ya raya shi har yau shi ne yaƙin da ke tafiya da kansa: dubban tankoki da jirage da rundunoni na motsi ko kana sama ko kana shan shayi, gadar da ka rusa jiya tana rushe yau, kuma rashinta na sauya inda dakaru za su bi. An sallami masu ƙera shi a ƙarshen 1999, asalin rubutun manhajar ya ɓulla a intanet a 2000, masoya suka ɗauka suka ci gaba. Zuriyar wannan aiki ita ce BMS ta Benchmark Sims. Kyauta ce, da sharaɗin kana da Falcon 4.0 na halal a kwamfutarka, wanda ake samu a Steam ko cikin Falcon Collection a GOG da 'yan daloli. Allied Force na 2005 ba ya cika wannan sharaɗi, kada a ruɗe ka.

Sai dai a nan kalmar "tsoho" yaudara ce. Suna ne kawai na 1998. BMS na neman Windows mai 64-bit, tun fitowa ta 4.35 a ƙarshen 2020 ta koma DirectX 11, kuma kowace sabuwar fitowa na ƙara nauyi a kati da ma'ajiya da datar saukewa. Laftof ɗin ofis da ke tashi da IL-2 cikin raha, a nan za ta yi ta nishi. A cikinmu biyar, biyu ne kawai ke da injin da zai ɗauka.

Sai karatu. Tayar da jirgin daga sanyi kaɗai jerin maɓallai ne da ke cin mintuna, kafin a zo ga rada da makamai masu linzami da shan mai a sama. Sandar tuƙi mai maɓalli huɗu ba ta isa ba. Wani abokinmu da ya yi makarantar sojan sama ta nan Jos ya kamu da shi har matarsa ta fara kiran kwamfutar kishiya, amma shi kansa sai da ya yi makonni kafin ya fara jefa bam inda ya nufa. Wajen haɗuwa, ƙofofinsa 2934 da 2935 ne, ga rediyon cikinsa mai suna IVC da ke neman 9987 zuwa 9989. Yana barin wanda ya yanke ya dawo, tunda yaƙin na ci gaba a kwamfutar mai masauki. Amma fita ɗaya kan haura awa, kuma in mai masaukin ne wuta ta yanke wa, kowa ya faɗo tare da shi.

Zauren gidan haya

Yanzu ga ainihin maganar. Duk bayanin da za ka karanta daga Turawa zai ce maka ka buɗe ƙofa kaza a rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida. Ka buɗe, ka sake buɗewa, babu wanda ya iya shigowa. Ba laifinka ba ne. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma sun ƙare. Don haka masu layukan wayar hannu kan tara dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Starlink ma, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, haka tsarinsa na gida yake. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da zaure ɗaya. Kai kana iya fita ka aika saƙo, amsa ta dawo maka. Amma baƙon da ya zo da lambar gida kawai, ba wanda zai nuna masa ɗakinka, kuma makullin zauren ba a hannunka yake ba. Buɗe ƙofar ɗakinka ba ya buɗe zaure.

Gane wa idonka abu ne mai sauƙi. Shiga shafin MiFi ko rawutarka ka duba adireshin da layi ya ba ta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to a gidan haya kake, ka daina wahalar da kanka.

Mafita mafi araha ita ce manhajar da ke sa kwamfutoci masu nisa su ɗauka a ɗaki ɗaya suke. Huɗu ne sanannu. Hamachi ita ce tsohuwar hannu, amma ta kyauta kwamfuta biyar kawai take ɗauka, na shida sai ya tsaya a waje. Radmin VPN kyauta ce kuma ta fi kowacce sauƙi: suna da kalmar sirri, kowa ya samu adireshi mai farawa da 26, sai dai ta Windows ce kawai. ZeroTier ta fi neman saiti, mai rukuni sai ya amince da kowane mai shiga a shafinta, amma tana kwaikwayon wayar ɗaki sosai, har irin shelar da tsofaffin wasanni ke yi don neman juna tana wucewa, don haka ita ce ta fi dacewa da mai nacin DirectPlay. Tailscale tana da tsabta da tsaro, amma ba ta ɗaukar waccan shela. Ga IL-2 da BMS, da ake rubuta adireshi da hannu, wannan ba komai ba ne. Mu Radmin muka fara da ita don Yaya ba mai son dogon bayani ba ne.

Abin lura a dukansu ɗaya ne: kai tsaye kuka haɗu, ko ta hannun ɗan aike? Manhajar kan yi ƙoƙarin huda hanya tsakanin zaure da zaure. In ta kasa, sai ta bi da saƙonku ta wata saba tata, wato babbar kwamfutar kamfanin, sau da yawa a ƙetare. Kowacce na nuna wannan, za ka ga kalmar direct (kai tsaye) ko relay (ta ɗan aike). Lissafin ba ya ƙarya. Haske a cikin wayar gilashi na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar teku ta MainOne, da ta fara aiki a 2010, kilomita 7,000 ce daga Legas zuwa Fotugal: zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, tun ba a sa tazarar Jos zuwa Legas ba. In ɗan aiken a Turai yake, saƙon Jos zuwa Abuja, tafiyar awa huɗu da 'yan kai ta Akwanga, sai ya je Turai ya dawo, amsarsa ma haka, an ninka. Jirgi mai gudun kilomita 500 a awa yana cin kusan mita 21 a milisakan 150, fiye da ninki biyu na tsawon jirgin yaƙin Spitfire. Kana harbin inda yake ɗazu. In ka ga relay, sauya layi kan warware shi: ɗayanku ya koma wani kamfanin, ko ya bar MiFi ya jona waya da USB.

Duk da haka, jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya ana sabawa da shi. Mai hawa da sauka shi ne mugu, shi ke sa jirgi ya ɓace ya ɓullo a wani wuri kamar aljani. Tsakanin magariba da ƙarfe goma layi kan cunkushe, shi ya sa muka koma tashi bayan goma, ko safiyar Asabar bayan asuba, lokacin da sanyin Jos ke yi wa laftof aikin fanka.

In kun haɗu a manhajar amma wasa ya ƙi, bi a jere. Buɗe Command Prompt ka rubuta ping da adireshin mai masauki. In ya amsa, to kusan kullum katangar tsaro ta Windows ce ta tare wasan a kwamfutar mai masauki, sai a ba shi izini a Windows Defender Firewall. Kada a kashe katangar gaba ɗaya. In ba ita ba ce, lambar faci ce. Kuma a tuna, wanda ka shigar wannan ɗaki na ƙarya zai iya ganin jakunkunan da ka bari a buɗe, don haka banda baƙi, banda kwamfutar ofis.

Sauran hanyoyin ba sa buƙatar dogon zance. Mai intanet na wayar gilashi a Abuja zai iya tambayar kamfaninsa adireshi na kansa, wasu na sayarwa. In ya samu, shi ne mai masauki har abada. Hayar saba a ƙetare na cin dala duk wata, ga nisan da muka lissafa. Shiga wajen Turawa ta HyperLobby, dandalin da masu IL-2 ke haɗuwa tun da daɗewa, yana yiwuwa daga gidan haya tunda kai ne mai fita, kuma agogonmu ɗaya ne da na tsakiyar Turai a lokacin hunturunsu. Jama'a dai sun ragu, kuma waɗanda suka rage sun shekara ashirin suna harbi.

Mai masauki kuwa ba mai babbar kwamfuta ba ne, ba kuma babban yaya ba. Mai inbata ko sola ne, mai layin da ba ya rawa. Sai da muka kai ruwa rana kafin Yaya ya sakar wa ƙaramin cikinmu wannan sarauta.

Sandar tuƙi: tsohuwa mai faffaɗan baki mai fil 15 ta mutu, Windows ta daina sanin wannan rami tun Vista. Ta USB kowace iri na aiki. Logitech Extreme 3D Pro ta isa IL-2, Thrustmaster T.16000M ta fi ta daɗewa ba ta fara rawa ba. Kafin ka samu, hannun gem irin na gidajen ƙwallo ya fi allon rubutu sau goma, rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows ka tabbatar ta gan shi. Waiwaye kuma, wanda shi ne rabin faɗan sama, akwai opentrack, kyauta, mai bin motsin kanka da kyamarar laftof.

Saboda haka, in ku rukuni ne masu laftof ta hannu da datar waya a garuruwa daban-daban, ku sayi IL-2 1946 a GOG, ku daidaita lamba, ku haɗu ta Radmin ko ZeroTier. In ku biyu ne ko uku, kowa da katin hoto na kirki da wutar da ba ta yankewa da zuciyar karatu, BMS za ta riƙe ku shekaru. Faifan Yaya kuwa ya samu gida: wata tsohuwar kwamfutar tebur mai XP da na ajiye a falon Hajiyarmu, ba intanet, sai in an haɗu da Sallah a kunna wa yara su ga abin da iyayensu suka yi ta faɗa a kai.

Asabar mai zuwa Wildcat za mu tuƙa daga kan jirgin ruwa. Sau bakwai ke nan Yaya na gwada sauka, sau bakwai yana karya ƙafar jirgi ko ya zarce cikin teku. Ya ce sandar ce, wai in zan zo Abuja in taho masa da tawa.